Ɗiyata ta kai 28, ba mai zuwa zance, kuma na ga abu cikin wayarta

Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uwa ce daga cikin garin Katsina ta turo wannan, ta ce a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci don Allah, wanda ya yi zagi zan cire shi ba sai na yi gargaɗi ba.

Saƙon:

Salamu alaikum admin da 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don girman Allah a sakaya sunana, da yawa cikin guruf ɗin nan mun san juna, wasu ma katanga ce tsakaninmu. Shawara nike nema kan ɗiyata ta fari, kun san ba a faɗar suna, cikin watan nan ta cika 28. Ta yi digiri a jami'ar Umaru Musa, yajin aiki da korona na 2020 suka ja su har 2021, ta yi bautar ƙasa, yanzu tana koyarwa a wata makarantar kuɗi tana kuma ɗan saida atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Ba don ni na haife ta ba, yarinya ce mai natsuwa, ba a taɓa kawo mani ƙararta ba ko sau guda.

Tun tana aji biyu akwai yaron da ke nemanta, ɗan mutunci, har ƙannenta yaya suke ce mashi. An kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana ƙarshen 2022, har na fara tara kayan kicin ƙarƙashin gado, sai suka je gwajin jini aka ce shi AS ita AS. Ni kuwa jama'a na rufe ɗa na sikila yana shekara 11, na san kwanan asibiti, na san neman jini tsakar dare, na san yaro ya riƙe ƙafarshi yana kuka kina kallo ba abin da za ki iya yi mashi. Na ce wallahi ba da ni ba. Babansu ya so ya yi sanyi, dangin yaron suka yi ta zarya wai a dogara ga Allah, ni na tsaya kai da fata sai da aka maida masu kuɗinsu. Bai rufa shekara ba ya yi aure, matar har ta haihu.

To tun daga nan kamar an canza mani ita. Kurkura ya ɗauke ta bakwai na safe ya maido ta ƙarfe uku, ta ci abinci ta shige ɗaki, shi ke nan sai gobe. Ba biki ba suna, ƙawayenta duk sun yi aure ta daina zuwa gidajensu, ko hawan sallah da take kwasar yara su tafi kallo Ƙofar Soro ta bari. Da farko samari na zuwa, ta fita minti biyar ta dawo, daga baya in yaro ya shigo ya ce ana sallama da ita sai ta ce a ce ba ta nan, yanzu an fi shekara ba wanda ya tako. Ƙanwarta mai 22 an turo, babansu ya ce ba ya aurar da ƙarama ya bar babba, ita ma ƙanwar ta fara kumburi tana ganin yayarta ta tare mata hanya. Goggonninsu kuwa ba a magana, duk taron da muka haɗu sai an jefo mani, wai an yi boko an wuce miji, wai kwantai. Yanzu babansu ya yanke, ya ce zuwa bayan babbar sallah in ba ta fiddo miji ba zai ba wani abokinshi na kasuwa mai mata biyu, kuma na san shi in ya faɗa ya faɗa.

Abin da ya hana ni barci shi ne satin da ya wuce. Ta shiga wanka ta bar wayar a caji, autata ta san lambar buɗewa, na sa ta buɗe mani, Allah ya yafe mani. Na tarar da wani mutum, a Kaduna yake, wata takwas suna catin, wani lokacin har ɗaya na dare. Iya abin da na karanta ban ga batsa ba, ban ga hoton banza ba, amma ban ga maganar turowa ba, kuma na ga inda ya ce zai zo ita ta ce mashi kada ka zo tukuna. Mi take ɓoyewa? Wane ne shi? In faɗa ma babansu ne, ko in tare ta, in na tare ta in ce a ina na gani? Wallahi hawan jinina har ya tashi. Ku taimaka mani da shawara, na gode.

Amsoshi:

Hajiya ta Ƙofar Sauri: Wa alaikumus salam. Ni dai gaskiya zan faɗa ko ta yi ɗaci, ku iyayen zamani ku ke ɓata ɗiyanku. Budurwa na gabanki tana hira da ƙato har ɗaya na dare kina tambayar mi za ki yi? Ki amshe wayar nan, ki faɗa ma ubanta yau ba gobe ba. Kuma ina laifin mai mata biyu? Ni ta uku ce a gidana, shekara 34 ke nan, ban mutu ba. Mu da aka yi mana aure ba a tambaye mu ba ga mu da jikoki.

Maman Khalil: Allah sarki baiwar Allah. Ni ina ganin ku bincika ɓangaren jinnu, mace ta riƙa korar samari tana son kaɗaici alamar jinnul ashiƙ ce. A yi mata ruƙiya, ta dage da azkar na safe da yamma, a riƙa sa Baƙara a ɗakin.

Anti Nas: Mama sannu, Allah ya jiƙan yaronki ya sa mai ceto ne. Na farko dai ki daina ganin kamar kin yi laifi da kika hana wancan auren, AS da AS kowane ciki akwai kashi 25 cikin 100 ya zo SS, kuma mutane na kuskuren fahimta, ba wai in sun haifi huɗu ɗaya ne zai yi ba, kowane ciki lissafinshi daban, ina da masu zuwa wurinmu uku a jere duk SS. Ko Kano a 2024 doka suka yi sai an yi gwaji kafin a ɗaura. Kuskuren ɗaya ne, an bari sai da aka shekara huɗu ana soyayya aka sa rana sannan aka je gwaji, da tun farko ne da zafin bai kai haka ba.

Maman Khalil azkar da Baƙara ba wanda ya ƙi, amma yarinyar nan mun san ranar da abin ya fara kuma mun san dalili, ba sai mun ɗora ma aljani ba. An raba ta da wanda ta so shekara huɗu, ya yi aure a garin da take, ƙila ma tana ganin hotunan sunan ɗanshi a sitatus ɗin mutane. Mama ki lura mani, tana cin abinci? Ta rame? Tana barci? Kina jin kukanta da dare? Tana maganar gara ta mutu? In akwai waɗannan, musamman na ƙarshen, ku ga likita kada ku tsaya, ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jininki kuma ana maganinshi, ba hauka ba ne. Amma tunda tana zuwa aiki tana kasuwancinta har tana hira da wani, ni ina ganin ta fara farfaɗowa ne ma.

Wata 'yar uwa: Admin nima kada a tambayi sunana. Mama ki yi haƙuri zan yi magana kamar ɗiyarki ce ke yi, don shekarata 29 ina gidanmu kuma duk abin da kika lissafa ni ce. Kin san mi ya sa muke daina zuwa biki? Ba girman kai ba ne. Ka yi anko da kuɗinka, ka biya kurkura, ka shiga da fara'arka, kafin ka zauna mutum biyar sun ce saura ke, yaushe za mu sha naki, wata ta ce ki rage zaɓe, wata ta kama hannunka ta ce akwai ƙanen mijinta matarshi ta rasu ya bar yara shida. Ƙawarka da kuka tashi tare in ka je gidanta sau biyu sai ka ga ta fara tsarguwa kamar mijinta ka zo gani. To ina za ka? Ɗaki ya fi.

Gida kuma, wallahi Mama ki tambayi kanki yaushe rabon da ki zauna da ita ku yi hirar da babu aure a ciki. Ni in mamata ta ce zo nan, gabana faɗuwa yake, na san ko wani ya turo ko wata ta yi magana. Ko ciwon kai na ce ina yi sai a ce rashin aure ne. Na sayo buhun shinkafa da albashina na kawo gidan nan, goggona ta ce da gidan mijinki kika kai da ya fi lada. Haka fa.

Maganar kada ka zo tukuna kuwa ni na gane ta sarai don na faɗa ma wani irinta. Ranar da namiji ya yi sallama ƙofar gidanku, daga ranar ba naki ba ne, na gida ne. Gobe baba ya ce ya turo, jibi goggo ta fara lissafin gara, ke ko halinshi ba ki gama sani ba, in kuma abin ya watse a ce ta sake koro wani. Wadda aka taɓa sa mata rana aka fasa, gari duk ya ji, kina ganin za ta so a sake? Ba lallai abin kunya take ɓoyewa ba, ƙila tsoronku take ji. Kuma wa'adin nan na baba shi ne mafi haɗari, don shi ke sa mace ta damƙo duk wanda ke kusa ta ce ga shi, don kawai ta tsira daga mai mata biyu, bayan wata bakwai ta dawo da ciki da takarda.

Hajiya ta Ƙofar Sauri: Ke yarinya, da bakinki kike cewa iyaye su ji tsoron ɗiyansu? Wannan ai shi ne lalacewar.

Wata 'yar uwa: Hajiya Allah ya huci zuciyarki, ban ce haka ba, cewa na yi ita ke tsoronsu. Ki sake dubawa.

Malama Ummu Abdallah: Bismillah. 'Yar uwa Allah ya yaye maki. Abu uku zan taɓa. Na ɗaya, maigidanki yana da haƙƙin walicci ba musu, amma Annabi (SAW) ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, hadisin na cikin Bukhari da Muslim, kuma Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya warware auren, duk da ita bazawara ce. Na san malamanmu na Malikiyya sun ba uba damar tilasta budurwa, amma su ɗin ma sun ce mustahabbi ne ya shawarce ta, kuma ba a yarda ya cutar da ita ba. Ɗiya mai 28 da ke koyar da ɗiyan mutane a ɗaura mata wanda ba ta so, kowa ya san inda ake ƙarewa, gaban alƙali ana neman khul'i.

Sannan cewa sai babba ta yi aure kafin ƙarama al'ada ce, ba aya ba hadisi. Tsare ƙanwar zalunci biyu ne, an hana wannan an kuma ɗora ma waccan laifi, ana shuka gaba tsakanin ciki ɗaya. A saki ƙarama ta tafi.

Kuma in har uba ya matsu, hanyar da magabata suka bi ita ce ya nema mata na kirki ya kawo ta gani, ba ya yi barazana da shi ba. Sayyidina Umar da kanshi ya yi ma Usman tayin Hafsa, ya yi ma Abubakar, kafin Annabi (SAW) ya aure ta. Ba abin kunya ba ne. Batun waya kuma, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigi, na san tsoro ne na uwa ya sa ki, ki yi istigfari kada ki maimaita. Ita ma a tuna mata da taushi cewa hirar dare da wanda ba muharrami ba ƙofa ce, ko da yau babu komai a ciki. Ku yi istihara ku duka.

Baban Sadiƙ: A matsayina na uba mai 'yan mata uku bari in ce wani abu kan maigidan. Hajiya kada ki kai mashi maganar wayar nan yanzu, wallahi in ya ji a haka ɗanye ranar zai kira abokin nashi. Mu maza abin da ke cin mu ba a gida yake ba, a majalisa yake da ƙofar masallaci, a ɗaura auren ɗiyar wane a juyo a ce Alhaji saura taka, ka yi dariya amma ka tafi da ita a ciki. Wa'adin nan kunya ce ta sa shi, ba ƙiyayya ba. Ki nemi wanda yake jin nauyi, yayanshi ko limamin unguwarku ko wani kawunshi, shi zai ce mashi ya sassauta, ke in kika faɗa cewa zai yi kina ɗaure mata gindi. Shi kuma na Kaduna gwajinshi guda ne, a ce ya zo ya gaida iyaye. Mai niyya ba ya jin tsoron zaure.

Maman Amira, Daura: Ni tsorona shi mutumin. Ɗiyar yayata haka ta haɗu da wani a Facebook, shekara guda ana waya, ya ce ma'aikaci ne a Abuja bai taɓa aure ba, hotuna cikin mota da ofis. Ya zo sau biyu da mota wankakka ashe ta aro ce, saura kaɗan a amshi sadaki kawunta ya ce shi dai sai ya je da ƙafarshi. Ya je unguwar ya yi sallar la'asar a masallacinsu, ya zauna wurin mai shayi, kafin magariba ya ji komai, mata biyu ya saka, ta biyun da ciki ya kore ta, aikin ma babu. Kuma ashe ya sha amsar kuɗi hannun yarinyar, yau katin waya gobe mama ba lafiya, ta ɓoye mana.

Don haka in kin zauna da ita ki tambaye ta ko ya taɓa neman kuɗi ko hoto, wannan biyun in akwai to a rufe babin. In babu, a samo cikakken sunanshi, unguwarsu, gidan ubanshi ba gidan haya da yake zaune ba, da inda yake aiki. A tura namiji mai hankali, kada a tambayi abokanshi don su ba za su faɗi aibu ba, a tambayi liman da mai unguwa da mai shagon layin, in ya taɓa aure a nemi ɓangaren matar su ma a ji. Kaduna ba Saudiyya ba ce, shi ma na Kadunan in ya tashi da safe ya bi Zariya, Funtuwa, Malumfashi, kafin la'asar yana Ƙofar Ƙaura. Kuma gwajin jini tun yanzu, a asibitin da ku kuka zaɓa, kada ya turo takarda ta waya, ana buga ta bogi.

Maman Khalil: Anti Nas na ji, ni ma ban ce kada a je asibiti ba, a haɗa biyun.

Ummu Hanan: Ni tambayata, kayan kicin ɗin da kika tara suna ina? In har suna ƙarƙashin gadon ɗakin da take kwana don Allah ki kwashe su. Ni da aka fasa nawa kullum in na share ɗaki sai na ci karo da kwalin kuloli, shekara biyu.

Mai saƙo: Salamu alaikum, admin a ƙara sa mani wannan. Na karanta duka, wasu sau uku, Allah ya saka da alheri har Hajiya da ta yi mani faɗa. Ummu Hanan wallahi kamar kin shigo gidan, suna nan ƙarƙashin gadonta, ban taɓa kawo shi a raina ba, jiya na sa yara suka maida su sito.

'Yar uwa mai 29, maganarki ta hana ni cin tuwo. Na zauna ina lissafi ban tuno ranar da na yi hira da ita babu aure a ciki ba. Shekaranjiya da daddare babansu ya fita, na dama fura na shiga ɗakinta na ce zo ki nuna mani atamfofin da kika saro, ta yi ta kallona kamar tana jiran in jefo maganar, ban jefo ba, muka yi ta ɗaga zannuwa har na zaɓi ɗaya na ce bashi, ta yi dariya ta ce Mama ba ki biya. Rabon da in ji wannan dariyar na manta. Da zan fita sai na kasa, na dawo na zauna bakin gado na ce na buɗe wayarki, ki yafe mani. Ta ce Mama ai na sani, saƙo biyu ya turo ina wanka na fito na tarar an buɗe su, sati guda ina jiran ki kai ma Baba. Sai kuka, ni ma kuka.

Ga abin da ta faɗa mani. Ƙanwarshi ce ke sayen turare wurinta, sun yi bautar ƙasa tare, ita ta haɗa su, ba a Facebook ta tsince shi ba. Shekararshi 37, malamin sakandare ne, matarshi ta rasu wurin haihuwa ta bar mashi ɗiya guda tana hannun mahaifiyarshi. Ta ce ranar farko kafin ta tambayi aikinshi jininshi ta tambaya, ya ce AA, ta ce ba ta yarda ba sai an sake a gabanta. Kuɗi bai taɓa nema ba, hoto kuma ta ce wanda ke kan sitatus ɗinta kowa ma na gani. Na ce to mi ya sa kika hana shi zuwa? Ta ce Mama in ya zo kuka ce a'a fa? Ba ni iya na biyu. Ta ce kuma tunda Baba ya sa wa'adi sai ta ji in ta kawo shi yanzu kamar don gudun Alhajin ne, ita kanta ba ta san ko sonshi take ko tsira take nema ba. Abin da ya fi tsaya mani, ta ce ba ta taɓa jin haushina kan wancan ba, ta tuna ƙanenta ita ma, ita ke riƙe mashi ledar ruwa a asibiti, abin da ya yi mata ciwo ranar da aka maida kuɗi ba wanda ya ce mata sannu, washegari aka fara cewa Allah ya kawo wani. Anti Nas na tambaye ta barci da abinci, ta ce yanzu da sauƙi, bara ne ya yi tsanani, duk da haka na ce za mu je a duba ta ranar da zan amso maganin hawan jinina, ba ta musa ba.

Baban Sadiƙ na bi shawararka, na je wurin yayan babansu jiya da safe, ban faɗi maganar waya ba, na ce dai akwai wani da ke son zuwa gaisuwa. Ya kira shi sun daɗe a zaure. Bai janye maganar abokin nashi ba, kun san maza, cewa ya yi a bari a ga wannan ɗin tukuna, ta ƙanwar kuma ya ce zai yi tunani. Ita kuma ta ce in ba ta sati biyu ta yi istihara kafin ta ce mashi ya taho, na ce ta ɗauka, kuma na yi alkawari goggonninta ba za su ji daga bakina ba.

Ni dai har yanzu hankalina bai gama kwanciya ba, duk abin da na sani daga bakinshi ya fito ta bakinta. Maman Amira, kawun yarinyar ya ce zai je amma bai san Kaduna ba sosai. Gidan iyayen wai a Tudun Wada yake, in akwai wadda ke da ɗan uwa namiji mai riƙon sirri a wajen da zai raka shi, don Allah ta yi ma admin magana ta ba ta lamba, ni zan kira.